Safar Hannun Hagu

Talata, 25 ga Yuli

Na iso sansanin atisayen ƙwallon Amurka, wasan da ake yi da sulke da kwalkwali. Ƙungiya ta biyar ke nan cikin shekara tara. Ɗakin kwanan ɗalibai suka ba mu, gadon ya gaza ni, ƙafafuna a waje. Ta taga ina hango tafki. A garinmu Belzoni yanzu ko kare ba ya yarda ya fita rana, nan kuwa mutane na yawo da rigar sanyi da safe suna yabon zafi.

Miss Gail, likitar ƙungiya, ta jujjuya gwiwata ta hagu kamar mai zaɓen kankana. Ta bi tabon ɗaya bayan ɗaya: aiki biyu a gwiwa, ɗaya a kafaɗa, ƙarfe a idon sawu. Ta ce, "Shekarunka nawa, Tarver?" Na ce talatin da ɗaya. Ta ce, "Gwiwar ta girme ka." Ba ta yi ƙarya ba.

Matata Renita ta kira. Ta tuna min alkawarinmu: in waɗannan ba su riƙe ni ba, in dawo gida wurinta da 'yarmu Zuri, ba sauran zaman jiran waya. Na ce to. Bara ma to ɗin na ce.

Alhamis, 27 ga Yuli

Koci Halvorsen, mai kula da mu masu gudu da ƙwallo, ba ya shafa wa magana mai. Kujera uku ce a ɗakinmu, mutum uku za a riƙe, in an gama tankaɗe da rairaya ƙarshen Agusta. Biyu suna da masu su. Ɗaya ta rage, mu biyu ke kallonta: ni da wani sabon yaro daga Texas, Tyree Lockridge.

Yaron duk haƙora ne, kullum cikin murmushi. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. "Yallaɓai Tarver, ina ɗan shekara goma sha huɗu na liƙa hotonka a bangon ɗakina!" Shi a ganinsa yabo ne.

Na ce kada ya ƙara ce min yallaɓai. Ya ce, "To, Tsoho." Da na sani na bar masa yallaɓan.

Asabar, 29 ga Yuli

Yau aka sa sulke. Bayan atisaye na cire kwalkwalina da sulken kafaɗa na ajiye a ciyawa, na yi gaba. Al'ada ce, sabon shiga shi ke ɗaukar wa tsoho kayansa har ɗakin canji. Ni ma na ɗauka wa wani a zamanina, mutumin da bai taɓa sanin sunana ba. Yaron ya kwasa, ya biyo ni yana waƙa.

Yana da gudu. Gara in rubuta tun yanzu in huta. Yana yanke kwana kamar ba ƙashi a ƙugunsa.

Laraba, 2 ga Agusta

Tsokar bayan cinya, ta dama. Ba wanda ya taɓa ni. Ina cikin gudu na ji kamar an tsinka tsirkiya.

Juma'a, 4 ga Agusta

Miss Gail ta ce ba ta yage duka ba, mako biyu ko uku. Sun mayar da ni kan keken nan na gefen fili da ba ya zuwa ko'ina. Na san keken nan. Kowace ƙungiya tana da irinsa, kuma duk inda na je kamar shi ke fara gane ni.

A wannan sana'ar mai gudu da ƙwallo taya ne. Ana sa shi sabo, a yi tafiya, in ya suɗe a cire. Ba na ma jin haushin masu motar sosai, da ni ne su haka zan yi. Abin da ke ci min rai shi ne yadda kowa ke gaishe ka da taushin murya in kana kan keke, kamar an yi maka rasuwa.

Shekarata ta biyu na wuce yadi dubu a gudu da ƙwallo. Har yau in an gabatar da ni, wannan shekarar ake ambata. Sauran bakwai ɗin kuwa, sai a ce "rauni ya dame shi", magana ta ƙare.

Lahadi, 6 ga Agusta

Na nemi tarwaɗa soyayya a garin nan. Sun kawo min wani farin kifi ba yaji, da cuku a gefe. Cuku. Na ci don yunwa.

Zuri ta nuna min haƙorinta da ya fita ta waya. Ta ce, "Baba, in ka dawo za ka iya tsere da ni?" Na ce zan ma wuce ta. Uwarta tana bayanta tana ji.

Talata, 8 ga Agusta

Na ga wani abu yau.

Wasanmu kaf a kan abu ɗaya ya tsaya: kada masu tare ku su san ko mai jifa zai cusa maka ƙwallo a ciki ka ruga, ko zai jefa ta, kai kuma ka tsaya ka kare shi. In sun sani tun kafin a motsa, ka zama nama.

To yaron yana gaya musu. Duk lokacin da ƙwallon tasa ce, da ya tsaya a bayan mai jifa sai ya ja maɗaurin safar hannunsa ta hagu, ya sake manna shi. In jifa za a yi, hannun ba ya motsi. Na zauna a kan keke ina canka tun safe har aka tashi, ban kuskure ko sau ɗaya ba.

Kociyoyi ba su gani ba. Su ƙafa da ido suke kallo, kyamara kuma tana can sama, hannun yana lafe a gefen cinya. Sai wanda ke zaune ƙasa-ƙasa, a gefe, ba shi da aikin yi.

Yaron ya ɗauko min ruwa bayan an tashi. Na karɓa na sha.

Asabar, 12 ga Agusta

Wasan gwaji na farko. Na kalla da gajeren wando. Yaron ya yi abin kirki, har jama'a suka fara kiran sunansa. Waɗanda ya kara da su duk yara ne irinsa, ba mai idon ganin safa. Ya ja ta a gabansu yadda ya ga dama.

Litinin, 14 ga Agusta

Bahon ƙanƙara na kashe tsamin jiki, ni da Sione. Shi ne babban mai tarewa na ƙungiyar nan, mun taɓa zama ƙungiya ɗaya a baya, ya zo bikina ya cinye rabin naman. Muna zaune cikin ƙanƙara har ƙirji sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaronka yana son safarsa."

Na ce ba yarona ba ne.

"Tun makon farko na gani. Na hana yarana amfani da ita a atisaye, kada koci ya farga." Ya yi dariya, ruwan ya girgiza. "Ɗan'uwa, ni ban ga komai ba. Kai ma ba ka gani ba. A wasan ƙarshe wani zai gani, a danne shi sau biyar tun bai je ko'ina ba, Halvorsen ya tuna yana da tsoho mai hankali."

Na ce hakan ba sata ba ce?

Ya ce, "Me ka ɗauka? Shiru kawai ka yi. Kai wa ya taɓa gaya maka wani abu?"

Babu. Wannan gaskiya ne.

Alhamis, 17 ga Agusta

Keke. Ƙanƙara. Keke.

Lahadi, 20 ga Agusta

Jiya wasa na biyu, kaɗan aka sa yaron, ana ajiye mu don na ƙarshe. Na shiga wata majami'a kusa da tafki da safe. Suna waƙa a zaune, a hankali, kamar kada Allah ya farka. Na tuna Mama da tafinta. Mai wa'azi ya yi magana a kan wani abu, ban bi ba. Ina ta lissafin cewa ban yi wa kowa ƙarya ba, ban sa wa kowa ƙafa ba. Ba ni na saya masa safar ba.

Na kira Renita na kusa gaya mata. Na san abin da za ta ce, shi ya sa na tambaye ta labarin injin wanki.

Talata, 22 ga Agusta

Na dawo fili. Na gaya wa Miss Gail ƙafa ta warke sarai. Ta dube ni ta saman tabarau, ta sa hannu.

Ba ta warke sarai ba. Tana riƙewa, amma akwai wani ɗan jinkiri, kamar ka kira mutum ya amsa daga ɗaki na biyu.

Muna komowa, yaron na bayana da kayana, ya daina waƙa. Ya matso ya rage murya.

"Tsoho, ƙafarka ta dama tana ɗan jan ƙasa."

Na tsaya. Na ce wa ya gaya wa?

Ya ce, "Ni kwalkwali aka ce in ɗauka, ba magana ba."

Ya wuce gaba ya ci gaba da waƙarsa. Da ya faɗa wa Miss Gail kalma ɗaya, da an mayar da ni keke, kujerar ta zama tasa ba gumi. Ko ya san haka? Ya sani mana. Haƙoran ne suke sa a ɗauka ba shi da wayo.

Alhamis, 24 ga Agusta

Ƙungiyar da za mu kara da ita ranar Asabar ta zo, kwana biyu muna atisaye tare kamar yadda aka saba. Suna da wani mai tarewa, Krebs. Na san shi tun da daɗewa. Ba mugu ba ne, yana da 'ya'ya mata uku, yana kai su kamun kifi. Shi ma kujerarsa na rawa bana. Kuma shi ba ya kama mutum a ƙirji, ƙasa yake zuwa, da kwalkwali, daidai gwiwa.

Ina kallonsa lokacin da ya gani. Yaron ya ja safa, aka ba shi ƙwallo. Ya sake ja, aka sake ba shi. A karo na uku Krebs ya miƙe daga tsugunnonsa, ya taɓa na kusa da shi, ya nuna da haɓa. Kafin ƙwallo ta gama shiga hannun yaron Krebs yana gabansa. A atisaye ba a kayar da mutum, sai ya dafa masa kwalkwali kawai, kamar mai shafa kan akuyar da ya riga ya yi ciniki.

Yaron ya dawo yana cewa, "Kai, mutumin nan aljani ne!"

Sione ya kashe min ido daga nesa.

Juma'a, 25 ga Agusta

Sione ya ce a danne yaron sau biyar. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan tun ina kan keke: zai faɗi, ya tashi, ya rasa yadi, shi ke nan. Amma wanda aka san inda zai bi, kuma Krebs ne ya sani, ba yadi yake rasawa ba. Ƙafa a kafe, nauyi a kanta, kwalkwali ya zo daga gefe.

Na san ƙarar da gwiwa ke yi. Ba ta da ƙarfi. Kamar a karya ɗanyen karas a ɗakin girki.

Kakar yaron tana hanya a bas tun daga Texas, ya gaya wa kowa har mai shara. Wannan ba ruwana. Ni ma ina da Zuri.

Lahadi, 27 ga Agusta

Jiya ban iya rubutu ba.

Kafin a fita, ɗakin canji ya cika da kiɗa, kowa na cikin duniyarsa. Ina naɗe idon sawuna, tef yana hannuna. Ban shirya komai ba, ko in ce ban san na shirya ba. Na tashi na je kabad ɗin yaron.

Na ce, "Miƙo hannu."

"Wanne?"

"Na hagu. Wanda ya fi bakinka surutu."

Na naɗe maɗaurin safar da tef har ya ɓace. Na ce masa duk lokacin da ƙwallo tasa ce yana jan wannan, tun ranar farko. Haƙoran suka shige. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne.

"Wa ya sani?"

"Ni. Sione. Krebs. Zuwa yanzu har direban motarsu."

"Tun yaushe ka sani, Tsoho?"

Na ce tun ina kan keke. Na ga yana lissafi a kansa. 

"To me ya sa yanzu?"

Na ce hannun ne ya ishe ni da kallo. Na koma wurina.

Shi aka fara sawa. Krebs na ta leƙen hannu, hannu shiru. Yaron ya samu yadi biyar, ya samu takwas, ya samu wata doguwa ta gefen dama. Can kafin hutun rabin lokaci, ina tsaye a gefe, sai na ga ya sa haƙori yana warware tef ɗin. Ya koma fili, ya tsaya bayan mai jifa, ya ja safar, a fili, har da sake mannawa. Na ji kaina ina ihu, "Wawa! Wawa!"

Krebs ya taho kamar an harbo shi, da mutum biyu a bayansa. Yaron ya rungume cikinsa ya duƙa, ya yi tsalle gefe. Ba komai a hannunsa. Ƙwallo tana wurin mai jifa, ya ɗaga ta ya jefa daidai gurbin da Krebs ya bari, ba kowa a wurin sai namu. Har layin ƙarshe, inda ake cin maki.

Ban koya masa wannan ba. Ban ma taɓa tunaninsa ba, shekara tara.

Ya dawo gefe yana haki, ya ce, "Wa kake kira wawa, Tsoho? Har cikin fili na ji ka."

Ni aka sa bayan hutu. Ƙafa ba ta tsinke ba, in faɗi alherinta. Na kare mai jifa yadda ya kamata, ban saki ƙwallo ba. Sau ɗaya ƙattinmu na gaba suka buɗe min hanya, faɗinta kamar ƙofar majami'a ranar Ista. Idona ya gani, zuciyata ta riga ta wuce. Ƙafafun suka iso bayan an rufe. Yadi huɗu. A da, da sai dai su ga lambar bayan rigata.

Ba wanda zan ɗora wa laifin wannan.

Na gaisa da kakar. 'Yar ƙaramar tsohuwa da hular majami'a. Ta ce, "Kai ne na bangon ɗakin? Ka fi kyau a hoto." Na ce kowa ma haka yake faɗa.

Litinin, 28 ga Agusta

Sione ya ce, "Kai dai jaki ne." Sannan ya tura min rabin naman da ke farantinsa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Talata, 29 ga Agusta

Halvorsen da kansa ya kira ni ofis, bai aiko kowa ba. Na yaba masa da wannan. Sun sallame ni.

Ya ce, "Ka san dalili." Na ce ya fi ni gudu. Ya ce, "Ya fi ka." Sai ya ce yaron ya gaya masa batun safar, kuma kunya ta kama shi, mako biyar abu na gabansa bai gani ba.

Na ce, "Koci, tsakani da Allah. Da na yi shiru fa?"

Ya daɗe yana murza goshi. Ya ce, "Da na sha wahalar zaɓe." Da ma ya yi min ƙarya ya ce duk ɗaya ne. Ban sani ba ko da na fi son hakan.

Na kwashe kabad. Kayan shekara tara ba su cika jaka biyu ba. Ina fitowa yaron ya fizge su daga hannuna. Na ce ya ajiye, al'ada ta ƙare, ya zama ɗan ƙungiya. Ya ce, "Sai gobe take ƙarewa." Ya kai har mota, bai yi waƙa ba. Ya tsaya yana neman abin faɗa. Na ce ya riƙa shiga ƙanƙara ko ba ya jin ciwo, kuma kada ya yarda ya ci kifin garin nan.

Na gaya wa Renita. Ta ce, "Taho a hankali." Na ce amma wakilina ya ce in an fara kakar wasa mutane za su ji rauni, wata ƙungiya za ta nema, in riƙe waya kusa. Ta ce, "Lavelle." Sunana kawai.

Laraba, 30 ga Agusta

Hanya. Gonakin masara ba iyaka. Wayar tana kan kujerar gefe, na ƙure mata ƙara.

Lahadi, 10 ga Satumba

Belzoni. Zafi kamar a yi kuka, na gode Allah.

Bayan majami'a Mama ta zo, aka soya tarwaɗa a bayan gida, ni ne a kan kasko. Zuri ta ja ni tsere har bakin shinge. Ta ci. Ban bar mata ba, abin da ban gaya wa kowa ba ke nan.

Na ce ba zan kalli wasan su yaron a talabijin ba. Renita ce ta kunna, ni gishiri na shigo ɗauka. Ba su sa shi ba sai can wajen ƙarshe. Yana riƙe ƙwallo nesa da haƙarƙari in ya yanka hagu, wani zai doke ta wata rana, dole in aika masa saƙo. Kusa da layin ƙarshe suka ba shi, ya bi ta bayan wani ƙatonsu na dama, ya faɗa ciki da mutum biyu a wuyansa. Ya tashi ya nemo kyamara, ya ɗaga hannun hagu, ya ja safar.

Renita ta ce wai na yi tsalle na ce, "Yarona ke nan!" Ban tuna ba. Mama ta ce har cokali na yar.

Ana cikin haka waya ta yi ta ruri a kan tebur. Wakilina ne. Wani ya ji rauni a wani gari, tabbas, ana neman taya. Renita ta ga sunan, ta dube ni, ta ci gaba da yanka albasa.

Hannuna duk mai ne, kifi kuma yana kan wuta. Zan kira shi gobe. Ko jibi, in na kai Zuri makaranta na dawo.